Ƙodar Bidin Baba

A bazarar da ƙafafun Baba suka fara kumbura, hankalina bai kwanta ba ko na wuni guda. Inna ce ta fara gaya mini a waya, murya ƙasa-ƙasa: takalminsa na zuwa masallaci ya daina shiga, da safe fuskarsa kan tashi suntum, tuwo kuma yana taɓawa sai ya ture. Ana tashi daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, ko allin hannuna ban wanke ba, na tare kabu-kabu zuwa Birni.

Gidanmu yana can cikin lungu, inda mota ba ta shiga, babur ma sai ya yi ta tangaɗi cikin rairayi. Kakan Baba ne ya gina shi, lokacin da fataucin fata ya kawo shi daga Borno. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. Wannan ne ya ba ni bakin da 'yan'uwana ba su da shi a gabansa, ni kuwa ban taɓa yin tsimin bakin nan ba.

Na same shi a bayan gida wajen dokinsa, wani tsohon bidi da ya saya shekarar da aka yi aurena. Yana zaune a kan kifaffen turmi, yana murƙushe wasu ƙwayoyi a kan dutse da bayan cokali. Na san su sarai. Maganin ciwon gwiwa ne da yake saye wajen masu yawo da magani a faranti, shekara da shekaru yana sha safe da yamma, babu likitan da ya rubuta masa. Abin da ban sani ba sai ran nan, ashe tun da dokin ya fara ɗingishi da ƙafar gaba shi ma ake ba shi. Baba ya haɗiye tasa, ya barbaɗa garin sauran a dusa, ya ƙara kanwa, ya cuɗa da hannu.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Tsufa ne, Uwata. Ni da shi ciwonmu ɗaya, maganinmu ɗaya."

Haka yake da dokin nan tun farko. Dabino in an kawo masa sai an raba, ragowar fura ta bidi ce. A wajensa rowa ce mutum ya samu abin da ke masa daɗi ya hana dabbarsa.

Na durƙusa na danna ƙafarsa da babban yatsa. Gurbin yatsan ya tsaya, ya ƙi ciko. Na ce ya tashi mu tafi a ɗibi jininsa a duba, yanzu, tun rana ba ta faɗi ba.

"Allah ya kiyaye," in ji shi. "Abokina na kasuwar fata da ƙafarsa ya tafi, lafiya lau, aka ɗibi jininsa, ya dawo da ciwon suga. Maƙwabcinmu haka, ya dawo da hawan jini. Duk wanda ya miƙa musu hannu sai sun samo masa abin da bai je da shi ba."

Kai, raina ya ɓaci. Na ce ciwon a jikinsu yake tun kafin su je. Na ce ƙwayoyin nan ƙoda suke ci, mijin wata abokiyar aikina su suka kwantar da shi. Inna tana leƙowa daga madafa tana mini alama da hannu in sassauta, ni kuwa na riga na hau. Baba ya bar ni na gama, sannan ya yi dariya.

"In da suna cin ƙoda, ai ga wanda ya fi ni sha nesa ba kusa ba. Dubi fitsarinsa kwanan nan, garau kamar ruwan rijiya, kanwa ta wanke masa ciki tas. To, ga magana ɗaya. Je ki nemo mai ɗibar jinin doki, in akwai shi a Damagaram. In an ga ciwo a ƙodar bidi, ga hannuna. In ba a gani ba, ki shafa mini lafiya."

Ya faɗa ne don ya kashe bakina, ya ɗauka babu wanda ke auna jinin doki. Na ce Inna ta zama shaida, na ɗauki jakata na fita.

A sarwis ɗin dabbobi na samu wani likita, ɗan wajen Zermu, mai matsakaitan shekaru, mai magana a hankali har sai ka ji kamar ka ƙarasa masa. Ya ce aikinsa ya fi yawa a kan shanu da tumaki, amma zai zo. Ya zo da safe. Ya gaida Baba a durƙushe, sannan ya daɗe yana zagaya dokin. Ya shafa haƙarƙarin da suka fito, ya taɓa cinyar da ta zube, ya buɗe baki ya dubi dattin da ya daskare a haƙora. Ya tambayi yadda ake ba shi ruwa.

"Safe da yamma," in ji Baba, "yadda ubana ya koya mini. Ruwa da yawa tumbi yake sa wa doki, ya kashe masa tafiya."

Gaskiya kuma ko da ya so ya ƙara, shekarar nan famfo ya fi ƙarfin kowa. Sai 'yan ga-ruwa sun turo bido, wato jarka, daga nesa, ana lallaɓa ruwan kamar mai. A gabanmu aka kawo wa bidi nasa, ya zuƙe daro ƙaf, ya tsaya yana lasar gindin. Likitan ya kalla, sannan ya danne jijiyar wuya da yatsa har ta taso, ya soka allura, jini ya cika 'yar kwalba. Baba ya kau da kai yana salati.

Ni na ɗauki jinin, cikin kular abinci da ƙanƙara, a bayan kabu-kabu, ina ta ce wa mai babur ya yi sauri kuma ya yi a hankali. Labo ɗin, wato ɗakin gwajin jini, na mutane ne. Likitan ya ce injin bai damu da mai jinin ba, abin da za a auna ɗaya ne, wani abu da ake kira kireyatinin. Ya ce datti ne da tsoka ke zubarwa cikin jini kullum, ƙoda ta tace shi ta fitar ta fitsari. In ƙodar ta gaza, sai ya taru, lambarsa ta hau. Ya gargaɗe ni da kada in kula da iyakar da labo zai rubuta a gefe, ko lissafinsu na ƙarfin ƙoda, don duk na ɗan'adam ne. Doki yana da tasa iyakar, shi zai duba.

Sakamakon ya fito, muka je wajen Baba tare da likitan. Lambar tana cikin iyakar dawakai, can wajen sama, amma tana ciki. Baba ya buga cinya, ya kira Inna ta zo ta ji da kunnenta.

"Baba, a yi mini haƙuri in ƙarasa," in ji likitan. "Wannan lambar ba ta wanke shi ba. Abin nan ba ya hawa da wuri. Sai mafi yawan ƙodar ya tafi kafin ya nuna. Na biyu, daga tsoka yake fitowa. Kamar toka ce: ƙaramar wuta, toka kaɗan, ko mai sharar ba ta da ƙarfi ba za a gane ba. Dokin nan ya rame, tsokarsa ta zube, ya kamata lambarsa ta zama ƙasa sosai. Da na gan ta a sama, ban ji daɗi ba. Fitsarin nan kuma da ya yi garau, ba wankewa ba ce. Fitsarin doki mai lafiya kauri gare shi. Dokin da ke cikin ƙishi yana zubar da farin ruwa, ƙodarsa ce ta kasa riƙewa."

"Likita, lambar tana cikin iyaka ko ba ta ciki?"

"Tana ciki, amma..."

"Shi ke nan. Uwata, kin ji."

Wallahi da ba ubana ba ne, da na faɗi abin da za a yi ta maimaitawa a unguwa. Likitan ya ce a daina ƙwayoyin, a rage kanwa, a bar ruwa a gaban dokin wuni, a sake aunawa nan gaba. Baba ya yarda da ƙarin ruwa da azahar, shi ma da ƙyar. Ƙwayoyi kuwa ya ce ba zai zuba ido dabba tana ɗingishi ba alhali maganin yana aljihunsa. Na kwashe su na zuba a masai. Washegari mai faranti ya biyo ta ƙofar gida kamar kullum, Baba ya sayi wasu.

Daga nan na kasa zaune na kasa tsaye. A aji sai in rubuta abu a allo in tsaya ina kallonsa, yara suna jira. In na dawo gida na ɗora tukunya, sai in sauke in tare babur zuwa Birni, in je in tsaya a kansu su biyu, in dubi ƙafar wannan, in dubi haƙarƙarin wancan, in dawo ban yi komai ba. Mijina ya ce in rage zirga-zirga, na ce ya bari sai nasa uban ya kumbura. Abin da ya fi damuna shi ne addu'a. In na ɗaga hannu sai in rasa me zan roƙa. In na roƙa wa bidi lafiya, Baba ba zai miƙa hannu ba. In na roƙi lambar ta hau, to ciwo nake roƙa wa dokin da babu ɗana ko ɗaya da ba a ɗora a bayansa ba. Sai in ce Allah ya zaɓa mana, amma zuciyata ta san abin da take so, kuma ina jin haushin sanin.

Bayan 'yan makonni aka sake ɗiba. Lambar ta hau, ta zauna daidai kan iyaka. Wannan karon likitan ya ɗan ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba. Ya ce ba da sauran dawakai za a gwada bidi ba, da kansa za a gwada shi. An ƙara masa ruwa, wanda ya kamata ya sauke lambar in da ƙishi ne kawai ya ɗaga ta. Ya ƙara ramewa, wanda shi ma ya kamata ya sauke ta. Duk da haka ta hau.

"Ta tsallake?" in ji Baba.

"Ba ta tsallake ba tukuna."

Nan na fashe. Na ce jira yake sai an ɗauko makara sannan ya yarda. Na ce taurin kai ba jarumtaka ba ne. Na nuna ƙafafunsa, waɗanda yanzu ko silifa ba sa shiga, sai dai ya ja ta da yatsu. Inna ta ce innalillahi, ta koma ɗaki. Baba ya sha mur, ya ce kada in sake tako masa gida sai na koyi yadda ake magana da manya. Washegari da rana na koma. Bai kore ni ba, bai kuma amsa gaisuwata ba, sai soshe-soshen hannu yake ta yi, don jikinsa ya fara ƙaiƙayi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana ta maganar shuka, sai bidi ya daina cin harawa. Dusa ma sai ya sansana ya juya kai. Ƙarƙashin cikinsa ya kumbura, bakinsa ya soma wani irin wari. Wannan karon ba ni na kira likitan ba. Inna ta ce Baba da kansa ya ce a nemo masa yaron nan na Zermu.

Ina tsakar lakwal lokacin hutu likitan ya kira ni. Ya ce lambar ta wuce iyaka, ta yi nisa. Na samu abin da nake so ke nan. Na zauna a bakin baranda, yara suna ta guje-guje a gabana. Ban ji daɗi ko ƙanƙani ba. Tausayi ne ya rufe ni, da tsoro, don lambar ta doki ce amma ƙafar Baba nake gani.

Da la'asar muka je. Baba yana zaune a gefen dokin, yana kore masa ƙuda da gefen rawani. Likitan ya durƙusa ya gaya masa, bai ɓoye komai ba.

"Ana gyarawa?"

"Abin da ya mutu a ƙoda ba ya dawowa, Baba. Ƙarin ruwa ta jijiya zai iya ja masa kwanaki, amma ba zai tashe shi ba."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. "Ƙwayoyin ne?"

"Su ne, da ƙishi, da zafin bana, da shekaru. Amma su ne a gaba."

Tun a hanya na tanadi maganganu, na jera su. Ko ɗaya ba ta fito ba. Baba ya gyaɗa kai, ya shafa goshin dokin, ya ce, "Gobe za mu fita da shi."

Na san abin da yake nufi, duk wanda ya tashi a gidan masu doki a Birni ya sani. Ba a barin doki ya mutu a cikin gida. Ƙofar zaurenmu da ƙyar take ɗaukar mai rai, sai ya sunkuyar da kai. In ya faɗi a ciki, sai dai a fasa katanga, ko a kira mahauta su daddatsa shi a fitar a baro. Tsofaffinmu suna ganin wannan cin mutunci ne ga dabbar da ta ɗauke ka. Don haka mai doki shi ke lura, in ya ga alama, ya fitar da shi tun yana iya takawa. Baba yana da gona a bayan gari, kan hanyar Tirmini, wadda wani ɗan'uwansa ke nomawa. Aka aika masa ya zo ya jira a bakin ganuwa.

Da hantsi na iso. Inna ta raɗa mini cewa Baba bai sha ƙwayar ba yau, bai kuma ba dokin ba. Ya taje masa geza, ya goge shi da tsumma, ya ajiye masa daro cike har sai da ya sha ya bari don kansa. Babu sirdi, babu linzami, ragama kawai. Na ce a samo saurayi ya ja shi, Baba ya hau babur ya bi su. Ko kallona bai yi ba. Ya naɗe igiyar a hannu, ya yi bisimilla, suka fita.

Tafiyar da nake yi kafin ruwan shayi ya tafasa, ran nan ta cinye mana hantsi. Rairayi yana riƙe ƙafa. Baba yana ɗingishi da hagu, bidi da dama, su yi 'yan taku su tsaya. Ina bayansu da bido da kwano, duk inda suka tsaya in zuba ruwa. Gumi ya jiƙa rigar Baba, ina jin yadda yake cije baki duk sa'ad da gwiwar ta lanƙwasa. Na miƙa masa kafaɗa, ya ture. Dukawa da ke aiki a zaurukansu suka ajiye fata suka miƙe tsaye. Mata suna leƙowa ta bayan labule. Babu wanda ya ce ina zuwa. Wani tsoho ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji," Baba ya ɗaga masa hannu.

A bakin ganuwa ɗan'uwan nasa yana jira. Baba ya miƙa masa igiyar, bai saki da wuri ba.

"Ka kai shi gindin gawon nan. Ku tafi a hankali, ba gaggawa. Ruwa kada ya yanke a gabansa, ko da naka za ka ba shi."

Muka tsaya muna kallonsu har suka sha kwanar duwatsu. Dokin bai waiwayo ba, da ƙyar ma yake ɗaga kai. Baba ya jingina da tsohon ginin, numfashinsa yana fita sama-sama.

"Uwata, tare mana adaidaita."

"Gida?"

"Wajen masu ɗibar jinin."

Na tare adaidaita da sauri, tsoro nake kada ya fasa. A labo ya naɗe hannun rigarsa da kansa. Sai ran nan na ga yadda damtsen ya zube, fata ce kawai a kan ƙashi. Ya kau da kai da aka soka allurar.

Ranar da muka koma ganin likitan mutane, da sassafe aka aiko daga gona cewa bidi ya kwanta bai tashi ba. Baba ya ce Allah ya jiƙan wahala, ya sa hularsa, muka tafi. Likitan saurayi ne, ya dubi sakamakon, ya dubi ƙafafun, ya danna. Ya ce ƙodar ta ji jiki ƙwarai, abin da ya tafi ya tafi, amma akwai saura, kuma ana iya riƙe sauran in an rabu da ƙwayoyin nan daga yau. Ya ce gwiwar za ta yi ta ciwo, sai an nemo wata dabara. Sannan ya cire tabarau, da ɗan faɗa a muryarsa.

"Alhaji, wannan kumburin ba na jiya ba ne. Me ya hana ka zuwa tuntuni?"

Baba ya gyara zama a kan kujerar.

"Akwai wanda ya riga ni a layi, likita. Sai da aka gama da shi."

Likitan bai gane ba, ya juyo yana kallona don in yi masa bayani. Na ce ina zuwa, na fita baranda, na toshe bakina da mayafi don kada Baba ya ji ni.